Azumin da Muke Sansana Hannun Juna

Shi ne azumi na farko bayan faɗuwar Mubi, lokacin da muka kwararo Yola, wasu da ƙafa ta cikin duwatsu, wasu a bayan motocin itace. Azumin bana ne ya tuna mini da shi, ko da yake ba su yi kama ba. Bana zafi ne tsantsa. Kafin azahar kwalta ta yi laushi a bakin titin Jambutu inda nake faci, ruwan da nake gwada tayoyi a ciki ya yi ɗumi kamar an ɗora shi a wuta, mutane suna jiƙa mayafi suna lulluɓa. Wancan kuwa a cikin damina ya zo. Ba ƙishirwa ce ta wahalar da mu ba, yunwa ce da laka da sauro. Ni kuma da wani abu na huɗu, wato taba.

Tun ina saurayi nake shan sigari. A Mubi ina da rumfar faci kusa da tasha, muna da majalisarmu ta direbobi da 'yan kamasho. Sigari ɗaya kan zagaya bakin mutum huɗu, ba mai ƙyamar wani. Ranar da aka shigo garin ina rumfa, maiɗakina Hajara tana gida da 'yarmu Sadiya da jaririn da take goyo, Usman. Ban samu hanyar komawa gida ba. Daga baya aka ce mini mutanen unguwarmu sun yi gabas, sun ƙetara Kamaru. Ni na yi kudu. Da aka ƙwato garin na koma na duba, na tarar rumfa ta zama toka, gida ba ƙofa, ba kowa a ciki. Sai na dawo Jimeta, domin an ce duk waɗanda za a maido daga ƙetare nan za a sauke su. Zaman jira na zo yi, kuma mai jira ba shi da abokin da ya wuce taba.

Wani dattijo ne ya ba mu wurin kwana, Bappa Hamman. Haifaffen Wuro Hausa ne amma a Rumde yake zaune, tsohon masinja da ya yi ritaya. Yana da wani shago a Jambutu da bai ƙarasa ginawa ba, ga kwano a sama amma tagar buhu aka rataya mata. Mu biyu ya zuba a ciki, ni da Zira, wani Kirista magini daga Michika da ya kai iyalinsa wurin 'yan'uwa a Numan ya dawo neman abin yi. Bappa yana da gona a fadama, ƙarfinsa kuma ya ƙare. Ya ce mu noma masa shinkafa, in Allah ya kawo a raba uku.

Zira ma mashayi ne, har ya fi ni. Da taba muka saba da juna kafin mu san sunayen 'ya'yan juna. In dare ya yi sauro ya hana barci, sai mu kunna guntu ɗaya mu riƙa miƙa wa juna a cikin duhu.

Ana saura 'yan kwanaki a ga wata, muna kaftu a gona, tari ya sarƙe ni. Na durƙusa a cikin laka ina neman numfashi kamar kifin da aka jefo tudu. Da na tofar sai na ga ja a cikin majinar. Zira ya cicciɓe ni zuwa bakin hanya, muka shiga keke zuwa wani ƙaramin asibiti. Bayan gwaje-gwaje nas ɗin ta ce ba tarin fuka ba ne, amma huhuna ya gaji.

Ta ce, “Baba, kana da yara?”

Na ce ina da su, ban dai san inda suke ba.

Ta ce, “To in kana so su dawo su same ka a tsaye, ka rabu da abin nan. Magani ba zai yi maka komai ba kana zuba masa hayaƙi.”

Da Bappa ya ji, sai ya zo da yamma ya zauna a kan bulo a ƙofar shagon. Muryarsa a dishe take kullum, ashe ita ma taba ce ta cinye ta kafin ya bari.

Ya ce, “Sale, mutum ɗaya ba ya barin taba. Ni da na bari mu biyu ne, ni da wani abokina direban ofis, Allah ya jiƙansa. Kai, Zira, za ka taya ɗan'uwanka?”

Zira ya ce, “Bappa, ni ƙirjina lafiya yake. Shi ne ya lalace.”

“To za ka kwana ɗaki ɗaya da shi kana busa masa a hanci?”

Zira ya sosa ƙeya, ya dubi kwalin da ke aljihunsa, ya ce, “Wannan taba, shi ya fi ɗan sanda iya kama mutum. Amma a gwada. In Sale ya tsaya, na tsaya.”

Dokar da Bappa ya kafa mana ɗaya ce. Mun saba in an yi musabaha kowa ya kai hannu ƙirji. Ya ce mu daga yau hanci za mu riƙa kaiwa, safe da yamma. Baki yana ƙarya, ido yana ƙarya, amma yatsun mai shan taba ba sa ɓoye wari. Wanda aka kama, shi zai ɗebo ruwan ɗaki na yini daga famfon unguwa, kuma shi zai wanke tukunya.

Ga yadda kwanakin suke tafiya. Da asuba in ɗumama tuwon masarar da aka raba mana a matsayin agaji, in ci da miyar kuka wadda ba ta san mai ba. Zira ba ya azumi, amma ya ce ba zai iya tauna abu a gabana ba, don haka yakan tashi mu ci tare, shi ma ya wuni haka sai ruwa da yake juya baya ya kurɓa. In gari ya waye mu saɓa fartanya mu gangara fadama. Ruwa kan sauko tun hantsi, wani lokaci yayyafi, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya. Laka tana cire wa mutum takalmi, tsakanin yatsun ƙafa ya yi fari ya tsage. Ciyawa kuwa kamar da gayya take fitowa, ka cire yau jibi ta dawo. Ba mu kaɗai ba ne a fadamar, akwai wasu 'yan gudun hijira da aka ara wa gonaki, mukan haɗu yau a yi ta wannan, gobe a yi ta wancan.

Da rana ban cika shan wuya ba, domin na saba azumi yana raba ni da taba har faɗuwar rana. Masifar tana zuwa da kiran magariba. Shekara da shekaru, in na ci dabino na kurɓi ruwa, abu na uku shi ne in zaga bayan masallaci in kunna. Yanzu sai jikina ya riƙa neman abin kamar yaron da aka yaye. Kai na sarawa, haushin kowa nake ji. Bappa ya san wannan lokacin. Duk yamma sai ya taho daga Rumde da kwanon kunun gyaɗa da matarsa ta dama, da namijin goro da kanumfari a ƙulle. Mu sha kunu, ya ba kowa abin taunawa, ya ce ba mai tashi sai an kira isha'i. Yakan yi ta ba mu labarin ofis, na turawan da ya yi wa aike da na wani akawu mai barci a kan fayil, har lokacin ya wuce. In na fara miƙewa ina cewa zan je bayan gida, sai ya ce, “Munyal, Sale. Haƙuri. Bayan gidan ba zai gudu ba.”

A makon farko aka kama Zira. Ran nan Bappa ya leƙo da safe, Zira ya miƙo hannu, Bappa ya kai hanci, ya yi atishawa.

“Zira, albasa da sassafe?”

“Miya na gyara, Bappa.”

“Wace miya? Sale, kun yi miya da albasa a ɗakin nan?”

Na ce rabonmu da albasa tun ranar kasuwar da ta wuce.

Ashe ya roƙi guntu wurin wani mai gadi, ya zuƙa, sannan ya murza albasa a yatsunsa. Ranar ya yi ta jigilar jarka yana ƙunƙuni da yarensu, mu kuma muna dariya. Rabona da dariya irin wannan tun Mubi. Daga ranar ba a sake kama kowa ba. Zuwa goman ƙarshe tarina ya ragu, na fara jin ƙamshin ƙasa in an yi ruwa, abin da na manta yana da ƙamshi. Zira ya ce shi kuma yanzu ya gane miyata ba ta da daɗi.

Aka yi Sallah ba ɗinki ba nama, sai shinkafar da gidan Bappa suka aiko. Muka ci gaba da dokarmu.

Bayan Sallah da wasu makwanni aka fara sauke mutanen da aka maido daga Kamaru. Kullum in an ce mota ta iso sai in bar gona in tafi sansanin da ake sauke su, in tsaya ina duban fuskoki. Ranar ƙarshe da na je, wata maƙwabciyarmu ta Mubi ce, Dada Kulu, ta gan ni ta fashe da kuka. Tana riƙe da hannun Sadiya. Yarinyar ta rame har sai da na dube ta sau biyu. Hajara da Usman zawo da amai ne suka ɗauke su a can, tun kafin damina ta faɗi, kwana kaɗan tsakaninsu. Duk watannin da nake jira, ashe mutum ɗaya nake jira.

Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar shago, mutanen Mubi da ke Jimeta suka riƙa zuwa gaisuwa. Rana ta biyu Zira ya tafi gona shi kaɗai don kada ciyawa ta ci mu. Da la'asar sakaliya ruwa ya watsa masu zaman makoki, na zaga bayan shago na tsaya a ƙarƙashin kwano don in kaɗaita. Sai ga Ɗanjuma direba, ɗan majalisarmu ta tasha. A majalisar nan muna da al'ada: in an yi wa ɗayanmu rasuwa ba ma iya dogon jawabi, sai dai a kunna sabon sigari a miƙa masa ya fara zuƙa kafin kowa. Ita ce ta'aziyyarmu. Ɗanjuma bai san na bari ba. Ya ƙyasta ashana, ya kunna, ya miƙo mini da hannu biyu, idonsa ya yi ja.

Ba a mayar da hannun mai ta'aziyya. Na karɓa.

Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so zuƙa ɗaya a lokacin ba. Hayaƙin yana tashi yana shiga hancina, bakina ya cika da yawu. Zuciyata tana cewa wa zai ga laifinka yau? Ta tagar buhu kuma ina jiyo Sadiya a ɗaki tana tambayar Dada Kulu ko nan ne gidanmu yanzu. Na tsaya da abin a tsakanin yatsu, ban kai baki ba, ban kuma iya yarwa ba. Toka ta yi tsawo ta faɗi, ta sake yi ta faɗi. Sai da wutar ta cim mini fata sannan na sake shi cikin ruwan da ke zuba daga kwano. Ɗanjuma ya dube ni, ya dafa kafaɗata, ya tafi.

Ina zagayowa sai ga Zira ya dawo daga gona, jiƙe sharkaf. Ya miƙo hannu muka gaisa. Ya ɗaga nasa zuwa hanci kamar kullum, ya ɗan tsaya, sai ya sauke shi a ƙirji ya ce, “Allah ya ƙara haƙuri, ɗan'uwa.” Na ɗauka ya ga bai dace a yi wasan nan da mai makoki ba. Hankalina ma ba ya wurin.

Tun da Sadiya ta zo, Zira ya kwashe tabarmarsa ya koma kwana a harabar cocinsu don ya bar mana ɗakin. Wannan ban ga komai a ciki ba. Amma sai ya zama kafin in iso gona ya yi nisa a can ɗaya gefen. In na je gaishe shi sai ya miƙo tsintsiyar hannu ya ce, “Hannuna da laka.” Da magariba ba ya zuwa shan kunu. Bappa ma ƙafa ta kumbura masa, ya rage fitowa. Na koma zama ni kaɗai a kan bulo ina tauna kanumfari, yarinya tana barci da wuri, kwaɗi suna kuka a kwata. Na yi zaton Zira ya gaji da zama da mai baƙin ciki ne, ban kuma ga laifinsa ba, don haka ban tambaya ba.

Sannan kogin Binuwai ya cika. Shinkafa ta fara ɗaukar ciki, muka wayi gari fadama ta zama tafki, sai kan dogayen ciyayi ake gani. Mun shiga har ƙugu muna lalube, ba abin da za a ceto. Ruwan ya daɗe bai janye ba, da ya janye sai wari.

Na je Rumde in gaya wa Bappa, na same shi ya miƙe ƙafa a zaure.

Ya ce, “Na ji. Allah ya mayar da alheri. Abokinka ma gobe zai koma Michika, an ce ana neman magina. Ku dai kun ba ni kunya, ku biyun. Na yi ta ɗauko kunu a banza.”

Na ce, “Wace kunya, Bappa?”

“Zira ya ce ka koma tun ranar makoki, ya ji a hannunka. Ya ce tunda kai mai ciwon ka koma, shi wa zai tsaya wa? A daren ya sayi kwali.”

Na miƙa masa hannuna. Ya sansana, ya juya shi, ya ga tabon ƙuna a tsakanin yatsu biyu. Na gaya masa yadda aka yi. Sai ya ce, “Kai ka yi kawaici, shi ya yi kawaici. Tashi ka same shi.”

Da safe na same shi a tasha, an ɗaure masa buhun kayan aikinsa a saman mota. Yana ganina ya ɓoye hannu a baya, hayaƙi yana fita ta gefen kunnensa.

Na ce, “Fito da shi, kada ka ƙona wando, shi ke nan gare ka.”

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na nuna masa tabon, na ba shi labari. Ya kama hannun ya kai hanci, ya sake kaiwa.

Ya ce, “Sale! Me ya sa ba ka faɗa ba?”

“Me ya sa ba ka tambaya ba?”

“Ana tambayar wanda matarsa ya mutu ko ya sha taba? Ni mahaukaci ne?”

“To ni ma ban san ka ji ba.”

Ya dubi guntun da ke hannunsa, ya ce, “Kai ka riƙe wuta har ya ƙone ka, ni kuma na sha naka da nawa.” Ɗan kamasho yana ta buga jikin mota yana cewa saura mutum ɗaya. Na ce ya yar, mu sake sabon lale, ko ta waya ce sai mu riƙa tambayar juna. Ya ce waya ba ta da hanci. Amma ya yar, ya take da ƙafa. Kwalin dai na ga shacinsa a aljihun riga lokacin da yake shiga.

Mun yi waya a shekarun farko. Wani lokaci ya ce ya bari, wani lokaci ya yi dariya ya canja magana, ina jin tarinsa ta cikin wayar. Daga baya lambar ta daina shiga. Na aika a tambaya ta hannun direbobi, wani ya ce ya koma Numan, wani ya ce bai san shi ba. Bappa Hamman ya rasu a damina ta uku bayan wannan.

Ban koma Mubi ba. Na kafa rumfa a nan, na yi renon Sadiya har ta gama makaranta ta yi aure a Rumde, tana aiko mini da abin buɗa baki a kwano mai murfi. Ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma in ba azumi, yanzu har gargaɗin da ke jikin kwalin sigari ina iya haɗa baƙaƙensa in karanta. Mai shayin da ke kusa da rumfata yana sayar da taba, direbobin keke suna kunnawa suna jiran in gama musu faci. Har yau in an kira magariba akwai ɗan lokacin da jikina ke tambaya. Ba mai sansana hannuna, ba mai hana ni tashi. Nakan zauna inda nake, in tauna kanumfari, in jira isha'i.

Abin da waccan shekarar ta ci mini, in an ƙirga: rumfa ɗaya, gida ɗaya, gonar shinkafa da ba a yanka ko dami ba. Hajara. Usman, wanda ban ji maganarsa ba. Numfashin da ba ya kai ni saman gada sai na huta. Da Zira, wanda ban san ko yana raye ba.